Amarya a Kwalba

Zuwa ga ƙanina, mai shagon kayan aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da kasuwa. Direban da ke kai mana saƙo ya kawo mini albishir: 'yata Auta ta sauka a asibitin garinku, an sami mace! Tun da na ji nake zagaya shago kamar wanda ya ɓatar da hularsa. Ka yi haƙuri da rubutun, murna ce ta sa ni sauri, ba laifin malaminmu na makarantar dare ba ne. Waya kuwa ka san kunnena ya daina shiri da ita.

Direban ya ce wai an sa yarinyar a kwalba. Na yi dariya har sai da na zauna. Jikar mai gilashi, ina za ta fara sauka in ba cikin gilashi ba?

Ga buƙatata. Na yanko gilashi zagayayye, faɗin babban faranti, zan yi masa cizo a baki, irin adon nan mai kama da sawun babban yatsa a laka. In aka rataye shi a taga, rana za ta bi ta kowane cizo ta zuba a rufin ɗaki kamar ruwa yana motsi. Jariri ba abin da yake kallo sai sama, to gara saman ya yi kyau. Tsohon ƙarfen da nake cizon da shi bakinsa ya cinye, ka nemo mini sabo.

Ka gaishe mini da amaryata, ka ce ango na nan tafe da zarar gwiwarsa ta yarda da mota.

Ka huta lafiya,
Yayanka

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ango da gwiwa ɗaya, Allah ya ba amarya haƙuri.

Ga guda biyu nan, ka zaɓa ka maido ɗaya. Mai jan mariƙin filaya ce ta zamani, matsa ɗaya cizo ɗaya, kafin yamma ka gama. Ɗayan irin naka ne na da, ƙarfe mai tsaga da mariƙin katako, ga gajiyar da wuyan hannu, ga cin lokaci. Ni dai filayar zan ɗauka.

Yaya, maganar kwalba ba ta dariya ba ce. Auta ta ce kada a faɗa maka, ni kuma na kasa. Bakwaini ce, ko bakwan ma ba ta cika ba. Na leƙa ta. Da kaɗan ta fi tafin hannunka. Ta wata siririyar roba take numfashi. Likita ya ce a yi ta addu'a, daga nan bai ƙara ba.

Allah ya sa mu ji alheri,
Ƙaninka

*

Ƙanina,

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta takardarka, na goge tabarau na sake karantawa, ba ta canza ba. Ka kyauta da ka faɗa mini.

Ga filayarka na maido. Na gwada ta, ba ta da aibu sai sauri. In na gama kafin yamma, me zan yi da hannuwana bayan yamma?

Mai katakon na riƙe. Ka san aikinsa: ka sa bakin gilashi a tsagar, ka ɗauke numfashi, ka karkata hannu, ƙas, sai ɗan ɓalli ya faɗo kamar yankan farce, sannan ka saki numfashin. Ina cikin yi sai na ji kamar tare muke da amaryata, ni ina ja a nan, ita tana saki a can. In na ajiye ƙarfen sai gabana ya faɗi.

Jiya da rana gyangyaɗi ya sace ni a kan benci. Na gan ta tana iyo a rufin shagon nan, cikin hasken, kamar ɗan kifi, ba roba ba komai. Na ce, “Amarya, sauko.” Ta ce sai ta gama dubawa.

Na kewaye bakin duka, labari bai zo ba. Sai na ga kamar wani cizo ya fi ɗan'uwansa zurfi, na rage gilashin da abin yanka na sake daga farko. Kada ka gaya wa Auta na sani.

Naka,
Yayanka

*

Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Baffa bai iya riƙe magana ba, ya faɗa mini ka sani, ya ce kuma kada in faɗa maka.

Baba, an cire robar. Yau aka fito da ita aka ɗora mini a ƙirji. Ta tsala kukan da ya sa ma'aikaciyar jinya ta ce, “Wannan bakin na gado ne?” Na ce na kakanta ne.

Direba ya ce duk lokacin da ya bi ta shagonka ƙas-ƙas kawai yake ji, abincinka na gefe ya huce. Don Allah ka ajiye ƙarfen nan ka ci. Ka aiko da gilashin yadda yake. Tagar ɗakinmu tana samun hantsi.

Ka huta lafiya,
Autarka

*

Auta,

Alhamdu lillahi! Na ci abinci, na ƙara, na rungume direba har ya tsorata.

Gilashin na cikin tsumman nan, na goge bakinsa da dutse, ba zai yanki kowa ba. Kada ki yi dariya in kin buɗe. Faɗin faranti na yanko, amma ragewa bayan ragewa ya koma bakin kofin shayi. Haskensa ba zai cika rufi ba, ɗan wuri kaɗan zai kama. Ki jawo shimfiɗarta daidai ƙarƙashinsa. Zai ishe ta, ai ita ma ba ta da yawa.

Allah ya raya mana ita,
Babanki