Allon da Na Bari a Ofis

Litinin, 6 ga Oktoba

An sallamo Umma daga asibiti bayan karayar ƙafa. Likita ya ce mako shida ba za ta taka ƙafar ba. Yaya ya ce aiki ba zai bar shi ba, matarsa tana fama da yara, sai ni da kowa ya yarda ba ni da abin yi. Digiri biyu, amma a gidan nan aikina sunansa danne-danne.

Ranar 17 za a miƙa taswirar rijiyoyin burtsatse. Wata takwas ina kanta. Oga ya ce a waya in ba zan iya daga nan ba, ba komai, Malam Ladabi zai ƙarasa a sa sunansa. Sau uku ya ce ba komai. Ni na raɗa wa mutumin Ladabi, a raina kawai. Shekararsa ɗaya a ofis, teburinsa na gefen nawa, ban taɓa jin ya ce wa Oga a'a ba. Ko fanka Oga ya yaba, sai ya ce wallahi shi ma ya lura.

Ba zan ba shi ba.

Talata, 7 ga Oktoba

Taswirar tana cikin babbar kwamfutar da ke teburina a ofis, tafiyar awa biyar daga nan. 'Yar tawa ta hannu ko buɗe fayil ɗin ba ta iyawa, sai ta hau huci. Na kira Injiniya, mai kula da na'urorinmu. Ya ce in shiga ta SSH, wai rufaffiyar hanya ce tsakanin kwamfuta biyu, duk abin da ya bi ta ciki a kulle yake. Na ce wannan na sani, amma baƙin allo mai rubutu ba zai yi mini ba, taswira da ido ake yin ta. Ya ce to sai a zuro hoton allon ta cikin hanyar. Ya karanto mini layi biyu, na rubuta, na kuskure lamba ɗaya, na sake. Sai ga fuskar kwamfutar ofis a kan cinyata, har da hoton tekun da ban taɓa zuwa ba.

Na tambaye shi ko wani zai iya leƙe. Ya ce a hanya kam, ko aljani.

Umma ta ce da wa nake magana. Na ce ofis na shiga. Ta ce in gaishe su.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kibiyar da ke kan allon tana jan ƙafa. In na motsa linzamin kwamfuta sai na ƙirga biyu kafin ta biyo. Na rage launuka, ta ɗan ware. Rijiya arba'in da ɗaya na sa yau.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Aiki sai Umma ta yi barcin rana, awa biyu in an yi sa'a. Na buɗe wani fayil a can cikin kwamfutar ofis ina rubuta abin da ya rage, don komai ya zauna wuri guda. Na huɗu a jerin: kada a bar Ladabi ya taɓa komai, zai iya ce wa taswirar ma ranki ya daɗe. Na yi dariya ni kaɗai har Umma ta motsa.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Hanya ta yanke ƙarfe biyu. Wuta ce ta ɗauke a ofis, kuma kwamfutar can ba ta tashi sai an danna ta da hannu. Bayan minti ashirin ta dawo. Na tura wa Injiniya godiya, ya ce shi yau ko ofis bai leƙa ba. To, ko ma wane ne.

Litinin, 13 ga Oktoba

Umma ta tashi za ta banɗaki ba ta kira ni ba, wai kada ta katse mini danne-danne. A bakin ƙofa na same ta a ƙasa. Ba abin da ya goce, likita ya duba. Da ta kwanta na buɗe fayil ɗin don in ga abin da ya rage, sai na cika shi da abin da ba na aiki ba. Na gaji, ina jin haushin Yaya, ina tsoron ranar da zan ɗaga ta in kasa. Ban goge ba. Wa zai gani.

Talata, 14 ga Oktoba

Hannuna yana kan kofin shayi na ga kibiya ta tafi da kanta. Ta gangara ƙasan fayil ɗin, haruffa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya:

"Malama, ki yi haƙuri da shisshigi. Rijiyoyin gabas goma sha biyu, da tsohon jadawali kika sa su. Sabon yana jakar Satumba. Ladabi."

Ban taɓa furta sunan nan a gaban kowa ba.

Na kira Injiniya. Ya ce ai allon gaske ya haɗa ni da shi, wanda ke kan teburin, tunda a nan taswirar take a buɗe. Duk abin da nake yi yana fitowa a ofis kamar talabijin. Na ce ka ce ko aljani. Ya ce hanya na tambaya, ban tambayi ɗaki ba. Wai cikin minti biyar zai iya buɗe mini wani allo na ɓoye da ba mai gani. Yanzu yake faɗa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Gaskiyar Ladabi ce, duk sha biyun. Da an miƙa haka, da an tura masu gyara wuraren da ba rijiya, da sunana a ƙasa.

Na kira shi, na shirya murya mai kaushi. Ya riga ni ba da haƙuri, abin da ya ƙara ƙona mini rai. Ya ce tun ranar farko ya ga kibiya na yawo ba kowa a kujera. Ya ji tsoron kashe allon kada ya yanke ni, sai ya juya shi ya ba ƙofa baya, inda Oga ke wucewa, ya jera manyan fayiloli a ɗaya gefen. Wato saura ɓangarensa kaɗai. Ya ce ya yi ƙoƙarin kada ya karanta. Ban tambaye shi ko ya yi nasara ba. Shi ne ya kunna kwamfutar ranar da wuta ta ɗauke. Sau biyu Oga ya ce ya karɓi aikin, ya ce masa ranka ya daɗe, Malama ta kusa gamawa.

Kafin ya ajiye ya ce, "Ya jikin Umma? Allah ya kiyaye gaba."

Ba wanda na gaya wa ta faɗi.

Juma'a, 17 ga Oktoba

An miƙa. Sunana a ƙasa, nasa na gaskiya a layin wanda ya duba. Ƙa'ida ce, ba wani abu ba.

Injiniya ya sake kira kan allon ɓoye. Saura mako huɗu a nan, ga taswirar kudu tana jira. Na ce ya bar shi haka tukuna. In wuta ta ɗauke ana buƙatar wanda zai lura. Dalilin ke nan, na kuma faɗa masa haka, duk da bai tambaya ba.