Shafin da Ke Ƙarshen Dama

Zuwa ga ɗana,

Aminci da rahamar Allah su tabbata a gare ka, kai da iyalinka. Ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ku a inda kuke, Ya kuma ƙara maka hankali, don ilimi kam ka tara har ya yi maka yawa. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ba ta barin mutum ya miƙe sai da dabara. Ƙanwarka ta sauka lafiya, an samu mace. Goggonka na nan da rigimarta, ba ta ragu ba. Ni nake faɗa, maƙwabcina tela yake rubutawa, na kuma gargaɗe shi kada ya sassauta mini ko kalma ɗaya.

Da gangan nake ƙin ɗaukar wayarka, ba ciwon kunne ba ne kamar yadda ƙanwarka ta rufa maka. Maganar kwamfutar nan ce da ka aiko mini, sannan ka zo hutu ka ce ka gyara. Duk shekarun da na yi ina aikin kafinta, kowane ƙarfe da ƙusarsa a bango: zarto a hagu, guduma kusa da shi, filaya a can gefe. Ido rufe nake miƙa hannu in ɗauko. To haka na jera shafukan intanet ɗin nan a saman burauza. Ban iya karatu ba, ba yau aka sani ba, amma ina da ido. Na farko a hagu mai jan tambari, rediyo ne. Na kusa da shi kore, karatun da nake saurare da asuba. Sai shuɗi mai faɗin ko za a yi ruwa, sai na mutumin nan mai koyar da haɗa kujera, wanda nake kallo ina zaginsa don bai iya riƙe zarto ba. Haka har ƙarshe. Ban taɓa rufe ko ɗaya ba, murfin kawai nake saukewa, gobe in ɗaga in tarar da kowa a mazauninsa.

Kai kuwa da ka leƙa sai ka fashe da dariya, har da kiran matarka ta zo ta ga ikon Allah, wai shafuka sun matsu kamar haƙoran zarto, wai shi ya sa abin yake nauyi. Na ce ka bar mini kayana. Ka ce to, Baba. Ina fita masallaci, na dawo na tarar da saman nan fayau kamar an yi gwanjo. Ka zaunar da ni kana murmushi, wai ka danna wa kowanne tauraro don ya ajiyu, ka zuba su folda-folda, kowace da sunanta a rubuce, marasa amfani ka watsar, tarihin abubuwan da na buɗe ma ka share don ta yi sauri. Wa ka rubuta wa sunan? Ni? Foldodin nan duk kala ɗaya, fuska ɗaya, kamar 'yan makaranta a layi. Kuma wa ya naɗa ka alƙalin mai amfani da mara amfani a ɗakina? Haka ka yi da bencin aikina lokacin da nake kwance a asibiti, ka bayar wai ya cika tsakar gida. Haka ka canza makullin ƙofa ba shawara, na yi ta kokawa da shi kamar ɓarawo a gidana. Kai komai ka gani a hannuna tarkace ne sai ka sa masa hannu.

Yanzu ka buɗe kunne. Shafin da ke ƙarshen dama, wanda ba shi da tambarin kirki, shi ne dalilin takardar nan. Wata rana hannuna ya zame na danna wani abu, sai ga bidiyon titin kasuwarmu ta dā, kafin a rushe rumfunan. Wani ne da ban sani ba yake tafe yana ɗauka. Can tsakiya, daidai shagon mai gyaran agogo, sai ga marigayiya uwarka ta fito da kwando, da mayafin nan mai ruwan ƙasa da muka yi ta fama ta yar ta ƙi. Ta hango mai ɗauka, ta galla masa hararar nan da ka sani, ta faɗa masa wata magana da hayaniya ta cinye, ta wuce tana jan ƙafa. Hotunanta da ke bango duk a zaune take a sandare kamar an tsare ta da bindiga. A nan kuwa tafiya take. Tun ranar, kowace safiya sai na gan ta ta wuce kafin in sha shayi. Ban gaya wa kowa ba. Na so in nuna maka ranar da za ka koma, mu biyu, sai ka riga ni da gyara.

Ni da tela mun buɗe foldodin nan ɗaya bayan ɗaya, ba ya ciki. Mun kai wa mai gyaran waya na bakin titi, ya ce da ba a share tarihi ba da yanzu an wuce wurin, sannan ya tambaye ni sunan bidiyon. Ina na san suna? Wurinsa na sani, wurin kuma ka rushe. Saboda haka kai da ka iya bincike, ka zauna ka nemo. Akwai wata farar mota da aka ɗaga wa baki a farkonsa, akwai mai sayar da bokitai yana ɗaga wa mai ɗauka hannu. Kada ka aiko mini da sabuwar kwamfuta, kada ka aiko da ban-haƙuri ta bakin ƙanwarka, ba ita ta yi ba. In ka samo, ba na son tauraro, ba na son folda. A buɗe shi a bar shi a buɗe.

Ka gaida matarka, dariyarta na ji amma ba na riƙe ta, kai ka kira ta. Ka shafa mini kan yaran, musamman ƙaramar mai kama da kakarta. Goggonka da ƙanwarka da mijinta suna gaishe ku. Tela ma ya ce in gaishe ka, na ce ya rubuta tunda alƙalamin a hannunsa yake.

Kuma kada ka ja lokaci. Jiya na zauna ina son in tuna da wane hannu ta riƙe kwandon, na kasa.

Ni ne ubanka,
wanda bai mutu ba tukuna balle a raba kayansa.