Na Sayo wa Kifina Abokan Zama

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara? Ni lafiya lau, aikin wankin otal dai sai godiya.

Kin ce in nemi abin ɗebe kewa, to na sayi ɗan talibambam, kifin nan mai kumbura, bai kai kan yatsa ba. Yana akwatin gilashi kusa da gadona. In na shigo, sai ya matso ya ƙura mini ido.

Mai shagon ya ce shi kaɗai ake ajiyewa. Na ce a raina, wane mai rai ne zai so haka? Na sayo masa abokan zama uku. Kafin sati ya gutsure musu wutsiya, biyu suka mutu.

Yaya, abin ya tsaya mini a rai. Jiya maƙwabciyata ta ƙwanƙwasa ƙofa da kwanon abinci, na yi lamo har ta tafi. Ni da kuke cewa bakina ba ya hutawa!

Kada Inna ta ji. Ki dai riƙa kirana. In ban ɗauka ba, don Allah ki sake kira.

Allah ya bar mu tare.

Autarku