Allurar da Na Hana Baba

Nasarawa Gwom, Jos
4 ga Maris, 1978

Yaya Hasiya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da jaririya da maigidan. Yaya jego, yaya zafin Kano?

Jikin Baba dai sai addu'a. Ciwon dajin ya kai ƙashi, likita ya ce abin da ya rage shi ne rage raɗaɗi. Sun so yi masa wata allura, wai morfin, na hana. A garejinmu na Farin Gada na ji cewa gusar da hankali take yi kamar giya. Ba zan yarda ubana ya koma ga Allah a buge, bakinsa ya kasa kalmar shahada ba. Ai ko tsaki bai taɓa yi ba, da sauƙi ke nan. Kada ki fara min faɗan nan naki.

Ƙanenki,
Labaran

Nasarawa Gwom, Jos
19 ga Maris, 1978

Yaya Hasiya,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki ta'aziyya. Allah ya jiƙan Baba. Yaya haƙuri?

Akwai abin da na kasa faɗa wa kowa. Kwana tara na bar Baba babu allurar nan. A rana ta tara wata nas, Sista Firisila, ta ja ni barandar asibiti ta nuna min hularsa. Duk ta huje, sawun haƙora ne. Ashe sai mun fita yake cusa ta a baki yana murƙususu. Kin san mutanen da, ba sa nishi a gaban 'ya'yansu. Ni kuma na ɗauki kunyarsa a matsayin sauƙi.

Da ta ji cewa gyaran wayar mota nake yi, sai ta yi min bayani da sana'ata. Ta ce zafi saƙo ne, yana tashi daga wurin ciwo, ya bi jijiya zuwa lakar gadon baya, ya hau ƙwaƙwalwa. Maganin yana zama ne a mahaɗar jijiyoyin, ya rage ƙarfin saƙon. Ba ya warkar da ciwon, kuma idan ya yi yawa yana danne numfashi, shi ya sa suke aunawa. Ta ce ba da daɗewa ba aka gano jiki ma yana yin irinsa, sai dai bai isa wannan ciwo ba. Ni da nake raba waya da waya kullum, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na amince, aka yi masa allurar. Ya yi barci, ya farka, ya nemi ruwan alwala. Yaya, a zaune ya yi La'asar, tiryan-tiryan. Daga baya ya gaya min kwana da kwanaki ba ya iya kai ƙarshen Fatiha, zafi ke yanke masa ita. Ranar Alhamis ya cika, shahada a bakinsa, da kunnena na ji.

Abin da ke cina shi ne, kafin nan ya riƙe hannuna ya yi ta sa min albarka. A zatonsa ni na matsa wa likitoci har suka samo maganin. Ya ce bai san ina da tausayi haka ba. Na buɗe baki in faɗi gaskiya, abin da ya fito kawai shi ne amin.

Yanzu duk mai zuwa gaisuwa sai ya yaba min, Inna ma haka. Ke kaɗai kika sani. Ki yafe min, tunda shi ban roƙe shi ba.

Ƙanenki,
Labaran