Ƙaramin Ciki

Zuwa ga Autarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ki yi haƙuri da na ɗora miki karatun doguwar takarda, ga aikin ofis ga hidimar Inna. Da waya na so kira, to amma tun da kunnen Inna ya yi nauyi wayar gidan nan ba ta da sirri, sai an buɗe murya har maƙwabta su sa baki. Shi ya sa na aiko ta ofishinku. Ina fatan kuna lafiya. Ya ƙafar Inna?

Maganar zuwana in zauna da ita idan kin tafi kwas tana nan, in Allah ya yarda. Sai dai akwai abin da ya kamata ki sani, kada ki gan ni a bakin ƙofa ki tambaye ni wa nake nema.

An yi mini aiki. Kada ki firgita, an kwana biyu, ɗinkin ma ya warke. Kin dai san inda ƙiba ta kai ni: shekaru ina salla a kan kujera, ga suga, ga hawan jini, matakalar makarantarmu kuwa sai na tsaya hutawa yara suna wuce ni suna "sannu Malama". Likita ya ce gwiwoyin sun gaji. Na yi istihara, na tambayi malaminmu ko wannan canza halitta ne, ya ce magani ne. Shi ne aka rage mini tumbi, aka bar ɗan abin da bai wuce ayaba ba. Yanzu 'yan cokula kaɗan na ƙoshi. Sai na tauna loma har ta gaji da ni, ba na haɗa ci da sha, lemo mai gas kuwa mun yi sallama. Baban yara ya ce tun da muka yi aure bai taɓa ganin na bar masa cinyar kaza ba sai bana.

Inna ce damuwata. Tun da Baba ya shiga ɗakin tiyata bai fito da rai ba, ko kalmar ba ta son ji. Ga shi a wurinta duk wanda bai cinye kwanonsa ba fushi yake yi da ita. Ba na so ki yi mata ƙarya, Allah ya tsare. Ki dai fara shirya ta a hankali, ki ce cikina ya ƙanƙance, ba na iya ci da yawa. Wannan gaskiya ne. Sauran ni zan faɗa mata da bakina, ina zaune a gabanta tana ganina da rai.

Ki gaishe ta da kyau. Allah ya yi miki albarka.

Yayarki.

*

Yaya ta kaina,

Wa alaikumus salam. Ashe haka kike? Ki shiga tiyata ki fito Autarki ba ta sani ba? Na yi kuka a ofis har mai shara ta tambaye ni wa ya rasu. Daga baya na tuna rigunanki, na ce to, mun samu labule.

Yanzu ki zauna. Ki zauna da kyau, na yi ɓarna.

Jiya Inna ta sa ni rubuta cefanen zuwanki, kaji, kifi, shinkafa kamar za a ciyar da barikin soja. Na ce, "Inna a rage, Yaya fa ba ta ci sosai yanzu." Ta ce, "Me?" Na ɗaga murya. Ta ce, "Ciwo take?" Na ce lafiyarta ƙalau. Ta ce, "To me ya hana ta?" Ni kuma madara tana zuba a kicin, kalmar nan taki ta "ƙanƙance" ta ɓace mini, sai na kwatsa da ƙarfi yadda za ta ji: "Ƙaramin ciki gare ta!"

Yaya, maganar tana fita na ji abin da na faɗa. Inna ta ƙirga wani abu da yatsu, sai ta miƙe. Ba sanda! Matar da ke kirana daga kicin in miƙo mata carbin da ke gabanta! Ta ce, "Allah mai iko! Bayan ƙaramin nata ya shiga jami'a?" Kafin in haɗiye yawu maƙwabciyarmu ta saman bene ta sauko tana tambaya ko ta ji daidai.

Wallahi na buɗe baki zan gyara, sai na ga fuskarta. Rabon da in ga Inna haka tun Baba yana da rai. Ta cinye abincinta tas, ta sha magani ba a roƙe ta ba, ta sa na sauko mata da ulu da allurar saƙa daga saman kabad.

Shawarata ki bar maganar haka. Ai ban yi ƙarya ba. Ƙaramin ciki gare ki ko ba shi ba? Kafin lokacin haihuwa ya yi mun samo dabara.

Taki har kullum, ko kin yafe ko ba ki yafe ba,
Auta.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardarki ta makara, Inna ta riga ta kira Baban yara. Ta ce masa, "Barka da arziki, surukina, ka yi ƙoƙari." Shi kuma bawan Allah ya ɗauka maganar tiyatar kika gaya mata, sai ya ce, "Ai Inna ni ba abin da na yi, duk aikin likita ne. Sa hannu kawai na yi." Ya ce ya ji ta yi salati ta kashe wayar, ya kasa gane laifinsa. Da na karanta masa takardarki, sai da ya riƙe bango don dariya. Yanzu ko buta zan ɗauka sai ya ce, "A'a, mai juna biyu ba ta ɗaukar nauyi." Mutum da furfurarsa.

Na yafe miki, don na san ba da gangan ba ne. Amma shawararki ban karɓa ba. Maganar da kalmominta gaskiya ne, alhali an bar mutum ya fahimci abin da ba shi ba, ni ba na iya kwana da ita. Kuma duk hular da Inna ta saƙa ƙarin nauyi ce ranar da za ta sani.

Kada ke ki faɗa mata, tunda tafiya za ki yi. Ni zan faɗa. Abin da nake tsoro, Auta, kada in zare mata wannan farin cikin ta koma kwance, kada kuma ta kasa yafe mini shiga ɗakin da ya raba ta da Baba. Ki taya ni da addu'a.

Yayarki.

*

Yaya,

Na bar miki wannan a kan firij, motata ta safe ce. Maganin Inna yana cikin gwangwanin biskit, fari da safe, ja da yamma. Kan maganar mijinki, Inna ta yanke hukuncin cewa irin haihuwar zamani ce da likitoci ke taimakawa, ta ce babu komai, duk Allah ne mai yi. Huluna sun zama uku. Jiya ta sa na kai ta kanti, da ƙafarta, ta sayo ɗan kwanon jarirai mai hoton agwagwa da cokalinsa. Na ce, "Inna ai da saura." Ta ce me na sani.

Allah ya ba da sa'a, mai ciki.

Auta.

*

Autarmu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin sauka lafiya, kuma masaukin naku yana da tsabta. Ni ma na iso, alhamdu lillahi.

Bari in fara da tafiya, don ita ce mai daɗin faɗi. A karon farko cikin shekaru na zauna a kujera ɗaya ta jirgin ƙasa, har jakata ta samu wuri a gefena. Na shirya guzurina a 'yan robobi: dafaffen ƙwai, ɗan kifi, yogot marar suga, sai gorar ruwa da nake kurɓa kaɗan-kaɗan. Wata baiwar Allah da ke fuskantata, da kularta kamar akwati, ta zuba mini ido ina cin rabin ƙwai da cokalin shayi. Da na mayar da sauran rabin na rufe, sai ta matso ta ce a hankali, "'Yar'uwa, kada ki ji kunya, kowa yana shiga wani hali." Ta ɗora mini rabin kaza a cinya. Na ce na ƙoshi, ta ce haka masu mutunci ke cewa. Ƙarshe dai na gaya mata gaskiya. Ta dube ni sama da ƙasa, ta dubi kularta, ta ce in rubuta mata sunan asibitin. Kazar kuma ita ta cinye.

Inna tana bakin ƙofa da na iso. Ta riƙe fuskata da hannu biyu ta ce, "Laulayi ne. Haka cikinki ya zuge ni." Tebur kuwa ba wurin ajiye ko cokali. Na zauna, na ci ɗan kifi, na ajiye. Ta ce, "Ci mana, ke da za ki ci na mutum biyu."

Auta, duk hanya ina tsara kalmomi masu taushi, yadda zan fara da lafiyar gwiwa in gangaro a hankali. Na manta da kunnen Inna. Na ce, "Inna, ko na mutum ɗaya ba ni da wurinsa." Ta ce, "Me?" Na sake, ta ce, "Me?" Ke kin san ni, ko a aji yara ke roƙona in ɗaga murya. Sai ga ni tsaye a tsakiyar falo ina ihu: "Ba ciki ba ne, Inna! Tiyata aka yi mini! Tumbina aka rage!" Na ji an ja kujera a bene.

Na zaci jaririn za ta yi wa kuka. Sai ta ce, "Suka kwantar da ke a ɗakin nan?" Na ɗaga kai. Ta ce, "Ina nan zaune ina kallon talabijin, ana yanka 'yata, ko addu'a ban yi mata ba?"

Ta tattara ulunta, ta nemi sandar da ta kwana biyu ba ta taɓa ba, ta shige ɗaki. Maganin yamma na ajiye mata a bakin gado, yana nan yadda na bar shi.

Ki yi mana addu'a.

Yayarki.

*

Auta,

Assalamu alaikum. A taƙaice, don Inna tana jirana a tebur.

Jiya da la'asar na shiga ɗakinta, ta juya mini baya. Na shimfiɗa sallaya a nan na tayar da salla. Ina sallamewa na ga ta juyo. Ta ce, "Ina kujerar?" Na ce ba na bukata. Ta ce, "Goshinki ya taɓa ƙasa." Na ce ya taɓa, Inna. Ta ce, "Tashi in gani." Na tashi ban dafa komai ba. Ta ce, "Zauna. Tashi." Sai da ta sa na yi ta yin haka kamar ɗan makaranta mai laifi, sannan ta share ido da gefen mayafi ta ce in miƙo mata jan maganin.

Da za a ci abinci ta hana ni ɗauko faranti. Ta shiga ɗaki ta fito da kwanon nan mai agwagwa, ta zuba kifi da ɗan dankali, ta tura mini da cokalinsa. Auta, daidai cikina, kamar likita ne ya auna. Ta ce, "Don jariri na saya, ga jariri. Kaɗan-kaɗan, a tauna, ba ruwa sai an jima, ba haka ba ne? Duk renon da na iya ne." Ta zauna ta tsare ni har na cinye. Ta leƙa kwanon ta ga agwagwa ta fito, ta ce, "Yauwa, 'yar albarka." Ta kuma sa na yi alkawarin ko haƙori za a cire mini sai ta sani.

Hulunan ta ce a ajiye, akwai maganar da za ku yi idan kin dawo.

Yau da safe mai kanti ya yi mini fatan sauka lafiya. Don Allah ki ba ni amsa da wuri, ki gaya mini su wa da wa suka ji, in san gidajen da zan bi ina gyarawa.

Yayarki.