Ni Na Jawo Aka Dakatar da Abokina a Kan Tabar Caji

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure. Mai kula da zaure don girman Allah ka cire sunana da adireshina kafin ka tura wa jama'a, domin akwai waɗanda suka san ni a nan. Ni ba gwanin rubutu ba ne, daga kafen intanet nake buga wannan da yatsa ɗaya, ku yi haƙuri da tsawonsa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya hana ni sukuni kuma ba ni da wanda zan iya faɗa wa baki da baki.

Ina aiki a wani kamfanin roba a Sharaɗa, inda ake yin bokitai da butoci da kujeru, shekarata goma sha ɗaya a kan inji, a Panshekara nake zaune da matata da 'ya'ya uku. Ina shan taba tun ina saurayi, ba na ɓoyewa. Na yi ƙoƙarin bari har na gaji da ƙirgawa, na gwada goro har haƙorana suka rine, na gwada alawar minti, na gwada tauna asuwaki, an ba ni rubutu na sha. Duk azumi sai na ce bana kam na bari, amma da an kira magariba na kurɓi ruwa sai ka gan ni a bayan gida ina kunnawa tun kafin na taɓa ƙosai. Mafi daɗewar da na yi kwana tara ne, kuma a kwana taran nan matata da kanta ta ce gara na koma saboda faɗan da nake yi a gida.

Ina da aboki, bari na kira shi Sabi'u duk da ba sunansa ba ke nan. Tare muka tashi, na girme shi da shekara biyu, ni na yi masa hanya aka ɗauke shi aiki a kamfaninmu, kuma abin da ban taɓa faɗa wa matata ba, ni na koya masa shan taba. A hannuna ya fara zuƙa, yana tari ina yi masa dariya. Shekara da shekaru idan an tashi hutun azahar, mu yi salla, mu ci garau-garau a wajen mai abinci, sannan mu zagaya bayan katangar kamfani mu raba kara ɗaya ko biyu tunda an hana sha a ciki. Wallahi wannan ɗan lokacin shi ne mafi daɗi a wunina.

Farkon shekarar nan kamfani ya sayo sabon inji, aka turo wani injiniya ɗan China ya zo ya haɗa. Ni aka sa zan riƙa bin sa ina koyon injin saboda na fi kowa daɗewa a sashenmu. A satin ne ciwon asma na 'yata Ummi ya tashi, aka kwantar da ita a asibiti, na ɗauki hutun kwana shida. Kafin na dawo an ba Sabi'u gurbina. Ban ce komai ba, na ce abokina ne, duk ɗaya ne. Mutumin nan ya yi wata biyu, suka shaƙu da Sabi'u duk da rabin hirarsu da hannu suke yi, da zai tafi sai ya bar masa wata irin taba da yake sha.

Ga waɗanda ba su taɓa gani ba, kamar karan sigari take sak, fara, da gindinta mai ruwan ƙasa, sai dai ta ɗan fi nauyi kuma ƙarfe ce. Batir gare ta, a wuta ake jona ta kamar wayar hannu, shi ya sa a wajenmu ake ce mata tabar caji. Idan ka zuƙa bakinta ya yi ja kamar garwashi, ka fesar da wani abu mai kama da hayaƙi amma tururi ne, babu toka, babu ashana, babu wari. Gindin ake kwancewa a ɗaura sabo idan ruwan ciki ya ƙare. Ranar da ya fara fito da ita a bayan katanga dariya na yi masa, na ce kai ma dai Sabi'u, abin wasan yara za ka sha? Ya miƙo mini na zuƙa sau biyu, na ji wani ɗan zaƙi-zaƙi, na mayar masa na ce wannan ba za ta kai ka sati ba.

Wata bakwai cur, kafin abin da zan faɗa muku ya faru, bai taɓa karan sigari ba. Ya samu wani ɗan kasuwa a Kwari da ke zuwa China sarin kaya, shi yake taho masa da gindunan. A gabana tarin da yake yi da safe ya ragu, leɓensa ya washe, ya koma buga ƙwallo ran Lahadi. Ya daina zuwa bayan katanga, ni kaɗai nake tsayawa kamar ɓarawo. Kullum sai ya ce mini, "Yaya ka gwada mana, wallahi ka fi ni buƙatarta saboda Ummi." Ni kuwa duk sanda ya faɗi haka sai na ji kamar ya zage ni. Wai yaron da na koya wa riƙe kara shi ne yau yake mini wa'azi.

Sai gida ya ɗauka. Matarsa da matata suna zumunci, to kun san sauran. Abu kaɗan sai na ji, Baban Ummi ka ga Sabi'u ya bari, Baban Ummi matar Sabi'u ta ce yanzu ko labulensu ba ya wari. Mun yi faɗa a kan haka ya fi sau uku, har na ce mata idan Sabi'un take so ya zama mijinta ta faɗa mini, ta yi kuka ta kwana biyu ba ta yi mini magana ba, na san ban kyauta ba. Amma abin da ya fi ƙona mini rai ranar sunan jaririn ƙanwar matata ne. Muna zaune a ƙofar gida, Ummi ta fito, shekararta biyar, na miƙa hannu zan ɗauke ta sai ta zille ta haye cinyar Sabi'u, ta ce, "Baba Sabi'u ba ya wari, Abba kai kana sa ni tari." Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, amma Allah ya san abin da na ji a ƙirjina.

Bayan nan da wata ɗaya aka nemi wanda zai riƙe sito, inda ake ajiye ƙwayar roba da sinadarai. Matsayi ne babba a wajenmu, na daɗe ina sa rai. Aka ba Sabi'u. Wani ya gaya mini da aka kawo sunana manaja ya ce ba zai sa mai yawo da ashana a aljihu a sito ba. Na je na yi wa Sabi'u murna, na rungume shi, na dawo kan injina.

Ga inda na yi ɓarnar. Wata rana muna cin abinci da wani direban kamfani, mutum ne da kowa ya san magana ba ta kwana a bakinsa, kuma na san haka sarai. Ya ce ikon Allah, Sabi'u ya rabu da taba. Sai na ce masa, hmm, rabuwa ko canji? Wa ya san abin da ake ɗurawa a cikin abin nan, ruwa ne fa, kowa zai iya zuba abin da ya ga dama, ni dai kwanan nan idan ya zuƙa sai na ga idonsa ya canza. Wallahi tallahi ban taɓa ganin idonsa ya canza ba. Na ƙara da cewa don Allah kar ya faɗa wa kowa, alhali don ya faɗa na gaya masa.

Cikin sati biyu maganar ta zagaye kamfani, ta dawo kunnena da ƙari, wai hodar ibilis ce ake narkawa, wai shi yake sayar wa matasan sashen fenti. Har unguwarsu ta kai, wani dattijo ya tare mahaifinsa a masallaci ya yi masa jaje. Manajan ma'aikata ya kira shi ofis, aka karɓe tabar da cajarta da gindunan da ke lokarsa, aka dakatar da shi har sai kwamiti ya zauna. Da aka tambayi direban nan sai ya ce shi ma a bakin mutane ya ji, ban sani ba ko rufa mini asiri ya yi ko mantawa ya yi.

Ranar Lahadin da ta wuce bayan la'asar Sabi'u ya zo gidana a acaɓa. Ya rame. Na shimfiɗa mana tabarma a soro, muka gaisa, can ya ce, "Yaya ko akwai kara ɗaya a jikinka?" Na ba shi, na kunna masa da hannuna, ya zuƙa ya yi tari kamar ranar farko. Ya ce kwana huɗu ke nan da ya koma, tun da aka karɓe tasa ya kasa barci ya kasa cin abinci. 'Yan uwa zan faɗa muku gaskiya tunda ba ku san ni ba, da na ga hayaƙin nan yana fita daga bakinsa sai da na ji wani sanyi a raina, na ce yauwa, ashe dai ɗaya muke. Daga baya ne kunya ta rufe ni.

Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan kwali a leda ya ajiye a gabana. Sabuwar tabar caji ce, ba a ko ɓare ta ba. Ya ce tun wata biyu da suka wuce ya ba mutumin Kwari saƙo ya taho mini da ita, shekaranjiya ta iso. Na ce to ai kai ka fi buƙatarta yanzu, ka riƙe. Ya ce, "A'a, da sunanka na yi niyya, saboda Ummi. Ni idan an wanke ni za a dawo mini da tawa." Sannan ya ce ranar Litinin mai zuwa kwamiti zai zauna, an ce ya kawo wanda zai shaide shi, kuma sunana ya bayar, domin duk kamfanin babu wanda ya san shi kamar ni. Ya ce shi abin da ya fi damunsa ba aikin ba ne, yana so ya san wanda ya yi masa wannan ƙazafi, ya tambaye shi me ya tsare masa. Na ce Allah zai tona asirinsa. Da bakina na faɗi haka, ya ce amin.

Yanzu kwalin yana cikin akwatina ƙarƙashin kaya, matata ba ta san da shi ba. Na kasa buɗewa na kasa mayarwa. Wani ɓangare na zuciyata yana so na gwada ko Allah zai sa na rabu da sigari, wani ɓangaren yana cewa idan na bari ta wannan hanyar har abada za a ce Sabi'u ne ya cece ni, kuma wallahi har yanzu wannan tunanin yana mini ciwo, ban warke ba. Ga kuma ra'ayoyin mutane sun rikita ni. Wani mai kemis a unguwarmu ya ce sinadarin da ke kama mutum a sigari shi ne dai a cikinta, an sauya masa riga ne kawai, kuma babu wanda ya san me za ta haifar nan gaba tunda sabuwa ce. Wani malami da na tambaya a kaikaice ya ce shi bai san ta ba balle ya yi hukunci. Ni kuma na ga yadda Sabi'u ya samu sauƙi da idona, na kuma ga yadda ya koma sigari da aka raba shi da ita.

Don haka tambayata biyu ce. Ta farko, waɗanda ke Turai ko Amurka ko masu zuwa China a cikinku, da likitocin zauren nan, me kuka sani game da wannan tabar? Akwai wanda ya bar sigari da ita ya kuma bar ta ita ma, ko dai daga wannan igiya ake komawa waccan? Tururinta zai cutar da yarinya mai asma? Idan akwai bayanin da zan iya bugawa a takarda na kai wa kwamiti don su gane ba ƙwaya ba ce, don Allah ku turo.

Ta biyun ita ce mai nauyin. Ranar Litinin zan iya tsayawa na rantse cewa Sabi'u mutumin kirki ne, kuma gaskiya na faɗa, wataƙila a mayar da shi aikinsa ba tare da kowa ya san komai ba. Amma direban nan zai kasance a wajen yana kallona. Idan na ce ni na ƙirƙiri maganar, za a wanke shi tas har a unguwarsu, ni kuma ina iya rasa aikina, na rasa shi, matata ta ji, mahaifinsa da yake kirana ɗansa ya ji. Na same shi shi kaɗai na faɗa masa kafin Litinin, ko na bari sai an mayar da shi, ko na yi shiru na yi ta istigfari tsakanina da Allah? Kuma ya halatta na sa kyautar mutumin nan a bakina alhali bai san abin da na yi masa ba?

Ku zage ni idan kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku gaya mini abin yi. Yau Alhamis, zan dawo kafe ranar Asabar da safe na duba amsoshinku, domin ya ce ranar Lahadi zai zo mu tsara abin da zan faɗa.