Jaka a Gefen Cikin Baba

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar taki ta yi sauƙi. Gwaggo, an yi wa Baba aiki. Atunin nan ne da ya daɗe yana ɓoyewa. Kin san direban doguwar tafiya, ba ya son fasinja su ga yana tsayawa a hanya, sai ya dinga haɗiyar maganin tsayar da zawo yana tuƙi. Likita ya ce ƙwayar cutar, amiba, ta samu wuri ta ci babban hanjinsa har ya huje. Sun yanke inda ya ruɓe, sun fito da bakin hanjin ta gefen ciki, sun manna jakar da bayan gida zai dinga zuba a ciki. In ya yi ƙarfi za su mayar su haɗe.

Sai dai ya ƙi cin abinci. Wai abin da bai shiga ba ba zai fito ba, shi ba zai zuba ido 'yarsa tana kwashe masa ƙazanta ba. Likita kuwa ya ce ɗinki ba ya kamawa a jikin mai yunwa. Tsoro nake ji, Gwaggo.

Ki huta lafiya.
'Yarki, Auta

Auta,

Ina amsawa, Allah ya yi miki albarka. Ƙafa tana nan, ita ta hana ni zuwa. Ki karanta masa wannan da ƙarfi, kada ki rage komai.

Kai Dogo, furfura ta fito amma hankali bai zo ba? Kunya ce ta kwantar da kai, yanzu kuma ita kake so ta binne ka? Ni na wanke maka kashi duk lokacin da Inna ta fita aiki, ban mutu ba, kai ma ba ka ragu da komai ba. Mu biyu muka rage, Dogo. Ba na son zama ni kaɗai. Ka ci abinci.

Allah ya ba da lafiya.
Gwaggonki

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Na karanta masa, har na gadon kusa yana dariya. Baba ya juya wa bango fuska, sannan ya ce a ba shi cokali. Bai ci da yawa ba, amma ya ci.

Da jakar ta cika na miƙe, sai ya ɗaga mini hannu. Ya kira nas, ya ce ta koya masa yadda ake cirewa. Ya gwada da kansa, har ya ɓata riga.

"Auta, fita ki ja labule," ya ce.

Na fita. Ina tsaye a bayan labulen na ji yana tambayarta me za a kawo da yamma.

'Yarki, Auta